Zugazugin lantarki na tukubar Kawu

Juma'a, 26 ga Janairu 2024

Kawu ya haura shekara talatin yana tsire a nan Makka, wajen Shara Mansur, kuma har jiya da guntun kwali yake fifita wuta. Tun bara kafaɗarsa ta dama ke damunsa. Ni aikina gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, lantarkin ƙananan kaya kuwa sha'awa ce kawai. Na yi masa alkawarin zugazugi na lantarki kafin azumi: fanka ta hura iska ta bututu zuwa ƙarƙashin gawayi, a sa mamurɗi na ƙara ta ko rage ta, da maɓalli ɗaya wanda in ya danna za ta hura da ƙarfi minti guda ta koma yadda take. Akwatin ƙarfe yake gashi a kai kamar kowa a garin nan, amma shi har gobe tukuba yake ce masa.

Abin da na saya yau: fankar hitar mota mai volt 12 daga wajen masu kwance motoci, riyal 40. Arduino Uno na kwaikwayo, ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, 45. Na'urar mai da wutar gida volt 12, mai amfiya 15, riyal 70. Mosfet IRF540N guda biyu (makunnin lantarki ne da Arduino zai riƙa kunna fanka da shi), diyod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), rizisto, mamurɗi, maɓalli da ƴar ƙararrawa, duka 25. Jimla 180.

Na san akwai na'urar rage gudun fanka haɗaɗɗiya da ba ta kai rabin kuɗin nan ba. Ba ta da maɓallin minti ɗayan, kuma gaskiya koyo nake so.

Asabar, 27 ga Janairu

Na haɗa a falo. Fanka kai tsaye a kan volt 12 tana jan wajen amfiya 7. Na ɗaura mosfet a ƙafa ta 9 ta Arduino, na rubuta layi huɗu, na murɗa. Tana raguwa, tana ƙaruwa. Sai dai tana kuka.

Ga wanda bai saba ba: Arduino ba ya iya fitar da rabin wuta. Ko biyar ko sifili. Dabarar da ake kira PWM ita ce ya riƙa kunnawa yana kashewa da sauri, in rabin lokaci a kunne take rabi a kashe, inji sai ya ji kamar rabin wuta aka ba shi. Abu biyu ne a ciki. Akwai rabon kunnawa, wato kashi nawa na lokacin wuta ke kunne, shi mamurɗi ke canzawa. Akwai kuma saurin bugu, wato sau nawa ake kunnawa da kashewa a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da Hz. Shi wannan na biyun umarnin analogWrite, wanda ake yin PWM da shi, ba ya tambayarka, ya riga ya zaɓa maka. A ƙafa ta 9 bugu 490 ne a daƙiƙa.

Kowane bugu yana fizgar koyil ɗin injin, koyil ya girgiza, gangar fankar ta ɗauka ta ƙara masa murya. Abin da ke fitowa wani "iiii" ne kamar sauro ya samu lasifika. A cikakken gudu babu, tunda ba a yanka wutar. A tsakiya ya fi muni, kuma a tsakiyar Kawu zai fi zama. Maman yara ta leƙo daga kicin ta ce ko in kashe ko in hau da shi soro.

Talata, 30 ga Janairu

Na ji an ce ƙafa ta 5 da ta 6 sun fi sauri. Na mai da waya ƙafa ta 5. Gaskiya ne, wajen 976. Kukan bai tafi ba, murya kawai ya ɗaga. Na kwanta.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Bayan Masallaci na zauna da niyyar gamawa yau. Na ga layi ɗaya da ke mai da ƙafa ta 5 bugu 62,500 a daƙiƙa, ta hanyar taɓa rajistar TCCR0B, wani gurbin saiti a cikin Arduino. Na kwafa ban fahimta ba. Fanka ta yi tsit, sai sautin iska. Har na kira Kawu na ce an gama.

Sai na danna maɓallin minti ɗaya. Fanka ta yi "fuu" ta koma, ko daƙiƙa ba ta cika ba. Na duba rubutuna, dubu sittin na sa, wato minti ɗaya a ƙirgen Arduino, daidai ne. Na canza maɓalli. Na canza waya. Na zargi Arduino ɗin da cewa jabu ne, har na fara tsara abin da zan faɗa wa mai shago. Tun bayan La'asar nake wannan har aka kira Isha'i.

Laifina ne. A cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke kan Uno, akwai maƙirga uku: Timer0, Timer1, Timer2. Kowanne yana riƙe da ƙafa biyu. Timer0 na da 5 da 6, Timer1 na da 9 da 10, Timer2 na da 3 da 11. Ba ƙafa ake canza wa sauri ba, maƙirginta ake canza wa. Shi kuwa Timer0 ba PWM kaɗai yake yi ba, shi ne agogon gidan gaba ɗaya: millis da delay duk a kansa suke ƙirga lokaci. An saita shi ya raba bugun ƙwaƙwalwa, miliyan 16 a daƙiƙa, gida 64. Ni na cire rabawar, na mai da ita 1. Agogo ya shiga gudu ninki 64. Raba daƙiƙa sittin gida 64 ka ga abin da ya rage.

Ana iya gyara lissafin, a riƙa ninka kowane lokaci da 64, amma wannan ɗinkin ɓarna ne, wata rana sai na manta. Na mai da Timer0 yadda na same shi, na yi alkawarin ba zan sake taɓa shi ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Yau na sauko da takardar bayanin ƙwaƙwalwar na karanta sashen Timer1 da kaina. Tana da tsawo kuma Turancinta na injiniyoyi ne, amma jadawalin da nake nema shafi ɗaya ne.

Yanzu na gane inda 490 ta fito. Miliyan 16 a raba da 64, ya ba da 250,000. Maƙirgin yana hawa daga 0 zuwa 255 ya sake saukowa, taku 510 ke nan. 250,000 a raba da 510, 490 da ɗan ɗigo. Timer0 shi hawa kawai yake yi ya faɗo sifili, taku 256, shi ya sa nasa ya zama 976. Ba sihiri ba ne, rabawa ce ta ƴan firamare.

Timer1 yana yarda a raba da 1, 8, 64, 256 ko 1024, kuma lambobi uku na ƙarshen rajistar TCCR1B ke zaɓa. Na koma ƙafa ta 9 na bi su ɗaya bayan ɗaya, mamurɗi a tsakiya.

Da 1024, bugu 30 da ɗoriya: fanka na karkarwa, teburin ma na rawa, ana jin kowane bugu kamar injin niƙa na shirin tashi. Da 256, bugu 122: gurnani mai kauri, irin na tsohuwar taransifoma. Da 64 mun san shi. Da 8, bugu 3,921: wannan ne mafi sharri, yana shiga haƙori. Kunnen mutum ya fi kaifi a tsakanin dubu biyu zuwa dubu biyar, nan ya faɗa daidai. Da 1, bugu 31,372: shiru. Kunne ba ya wuce wajen dubu ashirin, to injin na nan yana kukansa, mu ne ba ma ji.

Layin shi ne:

TCCR1B = (TCCR1B & 0xF8) | 1;

Maɓallin minti ɗaya ya koma minti ɗaya. Abu guda na lura da shi: mosfet ya yi zafin da yatsa ba ya zama a kai. Na ɗaura masa ɗan farantin alminiyon na ce ai shi ke nan.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ba shi ke nan ba.

Maƙerin unguwa ya yi min bututun ƙarfe mai ramuka ya liƙa a ƙasan tukuba, riyal 35. Bayan Magariba na kai kayan shago a cikin kwali, wayoyi a waje. Kawu ya zuba gawayi, na murɗa, cikin mintuna kaɗan garwashi ya yi ja. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, ashe kana da amfani." Ya jera tsinke, ya rage iska da kansa. Abokan hira suka taso suna kallo.

Kamar minti ashirin da biyar muka yi a haka. Sai na ji ƙaurin roba, kafin in miƙa hannu fanka ta tashi da dukkan ƙarfinta. Toka ta yi sama. Tartsatsi ya watsu har kan rigar wani mai jiran tsire. Kawu na murɗa mamurɗi baya, ba ta ji. Sai da na fizge filogi. Tsinke ashirin da biyu suka yi fari fat da toka, ƙuli-ƙulin jikinsu ya kama ta, ba mai karkaɗewa. Naman da ya je kasuwar Kakiyya da sassafe ya zaɓo.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗauko kwalinsa daga ƙarƙashin benci, ashe bai yar ba, ya ci gaba da fifita. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, zan biya." Ya ce, "Kai dai tafi da abinka ka koya masa hankali." Wannan ta fi min faɗa ciwo.

A gida na auna mosfet: ya haɗe, wuta na wucewa ko an kunna ko ba a kunna ba. Haka suka fi mutuwa, a kunne. Diyod ɗin da ke bayan injin, 1N4007, shi ma ya yi baƙi ya tsage. Ban san wanda ya riga mutuwa ya ja ɗan'uwansa ba.

Kuskure uku na ƙirga. IRF540N yana son volt 10 a ƙofarsa, wato ƙafar da ake ba shi umarnin kunnawa, kafin ya buɗe sosai, ni biyar nake ba shi, to dama rabin buɗewa yake yi. 1N4007 na amfiya ɗaya ne, kuma mai nawa ne, an yi shi don wutar gida mai bugu 50 ko 60, ni na sa shi a bugu dubu talatin da ɗaya a bayan injin amfiya 7. Duk lokacin da mosfet ya kashe, wutar da ke cikin koyil ta cikinsa take zagayawa. Na uku, ban sa makunnin kashewa kusa da hannun Kawu ba.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Jidda, da yamma. Mosfet IRLZ44N guda uku, riyal 18, shi volt biyar ta ishe shi. TC4420 guda biyu, 24, mai shagon ya ce in dai bugun ya haura dubu goma kada in tsaya wahala, in sa shi, direban ƙofa ne mai tura wa ƙofar mosfet wuta da ƙarfi. Kafasito da tarkace, 15. Na biya wajen wani abokina mai gyaran talabijin na aro osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugun wuta a allo, na mako biyu. Diyod kuwa daga mushen na'urar wutar kwamfuta na ciro, MBR20100, kyauta.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na ƙi sa direban da farko, ina son in gani da idona. IRLZ44N kai tsaye daga ƙafa ta 9 ta rizisto mai om 220, bugu 31,372. Ya fi na da sauƙi amma har yanzu yana zafi.

Osiloskof ya nuna dalili. A ƙafar Arduino bugun a tsaye yake kamar bango. A ƙofar mosfet kuwa tudu ne, ya hau a hankali, ya ɗan tsaya a tsakiya, ya ƙarasa. Ƙofar mosfet kamar ƴar randa ce, sai an cika ta zai buɗe, sai an kwashe zai rufe, ƙafar Arduino kuwa da ludayi take ɗiba, miliamfiya ashirin ne abin da aka yarda ta bayar cikin kwanciyar hankali. Hawa da sauka na cin wajen kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa kowanne. A wannan ɗan lokacin mosfet ba a buɗe yake ba ba a rufe ba, wuta na ratsa shi da ƙyar, nan zafin ke fitowa.

A bugu 490 wannan ba komai ba ne, sau 980 kawai yake faruwa a daƙiƙa. A 31,372 kuwa duk zagayen bai wuce kashi 32 cikin miliyan na daƙiƙa ba, to sama da kashi ɗaya cikin goma na rayuwarsa a bakin ƙofa yake yi. Da na yi lissafi sama-sama, zafin sauyawar nan ya tasam ma wat biyar, alhali a 490 ko kashi ɗaya cikin goma na wat bai kai ba. Wato kukan da na kora daga kunne bai ɓace ba, zafi ya koma. Da na san haka ranar Asabar ɗin can da naman Kawu bai tafi ba.

Na sa TC4420, na ba shi volt 12, rizisto om 10 zuwa ƙofa, da om dubu goma daga ƙofa zuwa ƙasa don kada fanka ta tashi da kanta lokacin da Arduino ke farkawa. Tudu ya koma bango. Awa ɗaya tana gudu, faranti ɗumi kawai. Abin haushi, da direban nan tun farko IRF540N ɗin ma da ya yi aikin.

Talata, 13 ga Fabrairu

Aiki ya yi yawa, mukayyif shida a wani otal. Ban taɓa komai ba.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Tsakanin 3,921 da 31,372 rami ne babba, kuma rabawa ba ta ba da komai a ciki. Ni kuwa ina son in sauko, tunda duk bugun da ya wuce buƙata zafi ne a banza, ga akwatin zai zauna kusa da wuta. Timer1 yana da wata hanya. Shi mai ƙirga har 65,535 ne, Arduino ne ya taƙaita shi a 255. Ana iya gaya masa inda zai tsaya ta rajistar ICR1. A tsarin hawa da sauka, saurin bugu shi ne miliyan 16 a raba da ninki biyu na wannan lambar.

TCCR1A = _BV(COM1A1) | _BV(WGM11);
TCCR1B = _BV(WGM13) | _BV(CS10);
ICR1 = 500;

Wannan ya ba da 16,000 cif, osiloskof ya shaida. Na kasa kunne, shiru. Na kira maman yara, ta ce ba ta jin komai. Sai ga ƴata mai shekara tara ta fito daga ɗaki da yatsu a kunne: "Abba, mene ne ke yin tsiii?" Na kashe ba tare da ta gani ba, ta ce ya daina. Na kunna, ta ce ya dawo. Sau biyar muka yi, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Shekara arba'in da biyu da kwamfaresa sun cinye min saman kunne ban sani ba.

Yara na zuwa shagon Kawu aike kullum. Na mai da ICR1 400, bugu 20,000. Ta saurara ta ce babu. Na ba ta riyal biyar kuɗin aikin injiniya.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Sabuwar matsala, ƙarama. Ina murɗawa fanka na hawa lafiya har wajen kashi biyu cikin uku, sai ta yi tsalle zuwa ƙarshe. analogWrite ne. Shi har yanzu a tunaninsa 255 ce ƙololuwa, alhali yanzu 400 ce. In ya rubuta 254, kashi 63 cikin ɗari ke nan, in ya kai 255 kuma sai ya bar PWM ya kunna ƙafar gaba ɗaya. Na cire shi, ina rubuta lamba kai tsaye a OCR1A, daga 0 zuwa 400.

Na kuma lura a wannan saurin fanka ba ta tashi daga tsaye in rabon ya yi ƙasa, sai ta tsaya tana ɗumama. A 490 kowane bugu na da tsawon da zai ture ta, yanzu bugun gajere ne. Na sa ta fara da kashi 60 na rabin daƙiƙa sannan ta sauko inda mamurɗi yake. Ban sa ɗari ba, na tuna toka. Maɓallin minti ɗaya ma na rage shi zuwa kashi 75, kuma a hankali yake hawa cikin daƙiƙa uku.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Hutun ranar kafuwar ƙasa, na samu yini guda.

Tun jiya Arduino ke sake farawa da kansa in fanka ta ja wuta. Wayar ƙasa ce, wadda wuta ke komawa ta cikinta: na bi da ta injin da ta Arduino ta siririyar waya ɗaya. Na raba su, kowacce ta tafi na'urar wuta da kanta, ta injin mai kauri kuma gajera. Na sa kafasito 2200 kusa da mosfet, da ƙaramin na yumɓu a ƙafafun direba. Ya daina.

Sauran yinin ya tafi a kan fitila. Ɗan Kawu, wanda ke ɗaukar bidiyon tsire yana sawa a TikTok da Snapchat, ya roƙi in ƙara fitilar LED a saman tukuba wadda za a iya rage wa haske. Na sayi zare ɗaya, riyal 25, na ɗaura a ƙafa ta 3 da nata mosfet. A ido lafiya lau. A wayarsa kuwa ratsi-ratsi baƙaƙe ke gangarowa kamar rigar gidan yari. Kyamarar waya layi-layi take ɗauka daga sama zuwa ƙasa, to wasu layukan na samun fitila a kunne wasu a kashe. Bugu 490 ya isa ya ruɗi ido, bai isa ya ruɗi kyamara ba.

Na ɗaga Timer2 zuwa 31,372, ratsi ya tafi. Sai na danna maɓalli, minti ya cika, ƙararrawa ta yi ƙara, fitila ta rikice ta ƙi komawa daidai. Umarnin tone da ke kaɗa ƙararrawar Timer2 yake ara, kuma ba ya mayarwa yadda ya samu. Gida uku ne kawai, kowa na son ɗaki.

Mafita na gabana tun farko. Ƙafa ta 10 ƴar ɗakin ta 9 ce, saurin bugu ɗaya suke sha amma kowacce da rabonta. Na ƙara COM1B1 a layin farko, na mai da fitila can, ina rubuta haskenta a OCR1B. Fanka da fitila duk a 20,000, Timer2 na ƙararrawa, Timer0 na agogo. Yaron ya ɗauki bidiyo har da na tafiyar hawainiya, babu ratsi.

Na so in ƙara ɗan injin da ake kira servo, wanda zai riƙa buɗe murfin bututu. Na duba, laburarensa Timer1 yake ƙwacewa gaba ɗaya. Na fasa. Murfin hannu ya isa.

Juma'a, 1 ga Maris

Na bar allon gwaji, na liƙe komai da dalma a kan allo na dindindin. Akwatin ƙarfe riyal 30, fis na amfiya 10 da gidansa riyal 5. Makunnin da ke yanke wutar fanka kai tsaye, ba ta hannun Arduino ba, na ciro daga wani tsohon mukayyif, na sa shi a gaba, babba, ja. Na mayar wa abokina osiloskof da ledar tsire, na kwana bakwai da wuce alkawari.

Asabar, 2 ga Maris

Gwaji a soro da gawayi, ba nama. Awa huɗu. Na sa ma'aunin zafi na aikina a kan faranti, bai wuce digiri 48 ba. Diyod ya fi mosfet ɗumi in mamurɗi na ƙasa, wanda daidai ne, lokacin shi ke ɗauke da yawancin wutar.

Juma'a, 8 ga Maris

Na mayar shago. Kawu ya ce a fara da tsinke biyar. Na ɗaure akwatin a ƙafar tebur, taku biyu daga wuta, na nuna masa jan makunni kafin komai. Ya gwada shi sau uku. Biyar suka gasu, ya ƙara goma, ya cika tukuba. Har ƙarfe ɗaya na dare ina zaune ina taɓa akwati kamar mai jinya.

Ƙorafinsa ɗaya: ba ya jin ta. Da kwali hannunsa ke gaya masa yawan iska, yanzu sai ya duba garwashi. Ya ce in yi masa alama. Na ɗauko jan farcen maman yara, wanda dama don haka na zo da shi, na ɗiga uku a jikin mamurɗi inda ya nuna: tashin wuta, tsire, balangu.

Litinin, 11 ga Maris, 1 ga Ramadan

An tashi da azumi. Ban je shago ba. Ɗansa ya turo bidiyo bayan tarawi, layi har bakin titi.

Laraba, 13 ga Maris

Lissafi: 180 na farko, 35 bututu, 57 Jidda, 25 fitila, 35 akwati da fis. Riyal 332, ban da man mota da tsinke ashirin da biyun da Kawu ya ƙi karɓar kuɗinsu.

Jiya na buɗe akwatin na tarar maiƙo da toka sun fara kwanciya a kan faranti, kwana huɗu kacal. Ramukan iskar da na huda suna kallon tukuba. Gobe zan toshe su in huda wasu ta baya, in sa ɗan soso.

Bayan Sallah sai maganar hayaƙi, maƙwabcin Kawu mai shagon yadi ya fara magana. Ina da fankokin kwamfuta masu waya huɗu guda uku a ajiye. Su ba a yanka musu wuta, waya ta huɗun ake ba bugu, kuma 25,000 suke so. ICR1 ta koma 320 ke nan, fankar wuta da fitila su bi su can tunda ɗaki ɗaya ne. Ƙafa ta 9 da ta 10 kuwa duk a cike suke, to ko fitila ta koma makunni na kunna-kashe ta bar musu ƙafa ta 10, ko in cire ƙararrawa in ba fitila Timer2. Zan tambayi Kawu wanne ya fi amfani da shi, ina zargin ƙararrawar ko jin ta ba ya yi a cikin hayaniyar bayan tarawi.